Daren Sha Huɗu: Sunayen Cikar Wata da Alaƙar Musulmi da Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Kusan duk tsakiyar wata sai mun ga hotuna suna yawo a Facebook da WhatsApp: yau daren "Watan Kyarkeci" ne, ko "Watan Furanni", ko "Watan Mafarauta". Wasu ɗalibanmu sun tambaye mu daga ina waɗannan sunaye suka fito, kuma ko akwai laifi a faɗinsu. Tambayar ta cancanci amsa, domin sunayen ba su kaɗai suke zuwa ba. Sau da yawa akwai wani saƙo a ƙasan hoton, kuma shi ne abin da ya fi damunmu.

Asalin sunayen Arewacin Amurka ne. Ana jingina da yawansu ga mutanen ƙasar na asali, musamman ƙabilun Algonkin, wasu kuma Turawan da suka je suka zauna ne suka taho da su. Wani littafin kalandar manoma na jihar Maine ya fara buga jerinsu a shekarun 1930, daga nan suka bazu. Cikar watan Janairu ta sami sunan kyarkeci saboda kukansa a tsakiyar sanyi, ta Fabrairu dusar ƙanƙara, ta Maris tana, ta Mayu furanni, ta Yuni kuma wani ɗan itace ja mai suna sturoberi da ke nuna a lokacin. Wanda ya fi shahara shi ne "Watan Girbi", wato cikar da ta fi kusa da 22 ko 23 ga Satumba, lokacin da dare da rana suke daidaita. A al'ada wata yana jinkirta fitowa da kamar minti 50 kowace rana, amma a ƙasashen arewa tazarar tana raguwa sosai a wannan lokaci, sai manomi ya sami haske bayan faɗuwar rana kwanaki a jere, ya ƙarasa girbinsa.

Ke nan kalandar noma da farauta ce ta mutanen da ba su da agogo. Faɗin sunan ba saɓo ba ne, sai dai bai dace da ƙasarmu ba. Mutumin Maraɗi ko Damagaram da ke cikin ƙurar hunturu a Fabrairu, ina shi ina dusar ƙanƙara? Mu damina muka sani da kaka da ɗari da bazara.

Muna da namu sunayen, kuma idan muka lura za mu ga an gina su a kan wani abu dabam. Kakanninmu sun kira Muharram watan Cika-ciki, Rabi'ul Awwal watan Takutaha ko Gani, Rajab watan Azumin Tsofaffi, Sha'aban watan Sha Ruwan Tsofaffi, sannan watan Azumi, watan Ƙaramar Sallah, da watan Babbar Sallah. Babu ruwan sama ko girbi a cikinsu, ibada ce da bukukuwanta. Dalili kuwa a fili yake. Wata yana cika zagayensa a kimanin kwana 29 da rabi, shekarar Hijira ta zama kwana 354 ko 355, ta gaza shekarar rana da kusan kwana 11. Don haka watanninmu suna zagaya yanayi duka a cikin kimanin shekara 33. A 2015 mun fara azumi a tsakiyar Yuni, a 2025 kuwa a farkon Maris.

Larabawa ma da can sunayen watanninsu na yanayi ne: malaman lugga sun ce Ramadan daga tsananin zafin ƙasa aka samo shi, Jumada kuma daga daskarewar ruwa. Suna kuma jirkita watanni masu alfarma, su gabatar ko su jinkirta yadda ya yi musu. Aya ta 36 da ta 37 a Suratut Tauba suka tsayar da adadin watanni a goma sha biyu, suka hana wannan jirkitawa. Sunayen suka zauna, yanayin ya ci gaba da juyawa.

Yanzu ga saƙon da muka ce yana ƙasan hoton. Ana ce wa mai karatu ya ajiye ruwa ko wasu duwatsu a hasken wata don su "ɗauki ƙarfi", ko ya rubuta buƙatarsa a takarda ya ƙona yana kallon wata, ko kuma cewa cikar wannan wata za ta buɗe wa masu burji kaza ƙofar arziki. Wannan duba ne da aka sa wa sabuwar riga. Ko kalmar "supamun" da kafafen labarai suke yayatawa, wani mai duban taurari ne, Richard Nolle, ya ƙirƙiro ta a 1979. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne nisan wata daga duniya yana sauyawa, matsakaicinsa kimanin kilomita 384,400. Idan cikarsa ta dace da kusantowarsa, yakan fi girma a ido da kusan kashi 14 cikin ɗari, ya fi haske da kusan kashi 30, in an gwada da lokacin da ya fi nisa. Yana da tasiri a kan tudu da janyewar ruwan teku, masuntan Kwatano da Akara sun san haka. Wannan sababi ne da Allah Ya sanya, ana iya auna shi. Amma aure da arziki da lafiyar zuciya ba a hannun wata suke ba. Suratul An'am ta ba mu labarin Annabi Ibrahim (AS) da ya kafa wa mutanensa hujja da wata: abin da ke fitowa ya faɗi bai cancanci a dogara gare shi ba. Aya ta 37 a Suratu Fussilat ta hana sujada ga rana da wata, ta mayar da ita ga Wanda Ya halicce su.

Kada mu yi saurin nuna yatsa ga Amurka. A garuruwanmu har yanzu idan aka yi husufi yara sukan fito da gwangwanaye suna kaɗawa, wai rana ta kama wata sai ta sake shi. Husufin wata ba ya faruwa sai a daren cikarsa, lokacin da duniya ta shiga tsakaninsa da rana, inuwarta ta rufe shi, kamar yadda muka gani a daren 27 ga Yuli 2018 da ya ɗauki kusan awa ɗaya da minti 43 a rufe ɗungum. Abin da aka koya mana shi ne sallah da addu'a da sadaka. A mazhabar Malikiyya sallar husufin wata raka'a bibbiyu ce kamar sauran nafilfili, kowa ya yi tasa, ba a tara jama'a kamar ta kisfewar rana.

To, ashe Musulmi ba shi da wata alaƙa da farin wata? Yana da ita, kuma ta fi ta masu duwatsu zurfi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jarir bin Abdullah (RA) cewa suna zaune tare da Manzon Allah (SAW), sai ya dubi wata a daren cikarsa, ya yi musu albishir cewa za su ga Ubangijinsu a fili kamar yadda suke ganin watan nan, babu turereniya. Nan take ya haɗa albishir ɗin da aiki: su kiyaye sallar Asuba da ta La'asar. Malamai sun ja hankali cewa kamancen yana tsakanin gani da gani ne, ba tsakanin wata da Allah ba, domin babu abin da ya yi kama da Shi. A wani hadisin an siffanta fuskokin tawagar farko da za ta shiga Aljanna da wata daren sha huɗu. Ku kuma ɗalibai, hadisin Abud Darda'i (RA) ya kwatanta fifikon malami a kan mai yawan ibada da fifikon cikakken wata a kan sauran taurari. Wata dai ba shi da hasken kansa, na rana yake karɓa ya mayar, kuma malami ma gādo yake rabawa.

Sai azumi. Abu Huraira (RA) ya ce an yi masa wasiyya da abubuwa uku: azumin kwana uku a kowane wata, raka'a biyu na walaha, da wutiri kafin barci. Tunda ana ninka kyakkyawan aiki sau goma, kwana uku sun tsaya matsayin talatin. Hadisin Abu Zarri (RA) da Tirmizi da Nasa'i suka fitar ya ambaci ranakun 13 da 14 da 15, su ne Ayyamul Bid, saboda dararensu farare ne tun daga magariba har kusan asuba.

A nan akwai saɓanin da ya kamata ɗalibi ya sani kafin ya yi wa wani inkari. Mafi yawan malamai sun so a azumci waɗannan ranaku uku. Imamu Malik kuwa an ruwaito bai so a keɓance su da gangan ba, don tsoron kada jama'a su ɗauka wajibi ne, kuma haka Mukhtasar na Khalil ya tafi. Wanda ya azumci ukunsa a farkon wata ko ya rarraba su ya sami falalar, wanda ya bi hadisin Abu Zarri shi ma yana kan hujja. Ba abin da za a raba sahu a kansa ba ne.

A kula da abu biyu wajen lissafi. Ana ƙirga ranakun ne daga ganin jinjirin wata da hukumar ƙasarku ta sanar, ba daga kalandar waya ba, shi ya sa 13 ga wata a Yamai kan iya bambanta da ta Kumasi ko Garwa da kwana ɗaya. Sannan ranar 13 ga Zulhajji tana cikin kwanakin Tashriƙ da aka hana azumi, don haka a watan Babbar Sallah sai a fara daga 14, a cike na uku da wata rana. Allah ne Mafi sani.