Wasan Golf: Ko Zai Yi wa Marasa Aure Maganin Kaɗaici?

 Yau zancen na waɗanda suka gama makaranta ne, wasu har sun kama aiki, ga hankali ga tarbiyya, amma Allah bai kawo mijin ba tukuna. Da kuma zawarawa waɗanda aure ya mutu suka dawo gaban iyaye. Ke kin san yadda ranakun Asabar da Lahadi suke yi wa irin waɗannan bayin Allah tsawo. Ƙawaye duk sun tafi ɗakunansu, in an je biki sai gwaggo ta ja ki gefe tana "Wai ke har yanzu shiru?", in an dawo gida sai ɗaki da waya, ana ta latse-latse har ido ya yi ja. To a ƙasashe da dama, samari da 'yan mata da suka manyanta ba su yi aure ba sun samo wata hanyar fita shan iska da sanin mutane, wato wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu.

Na san za ki ce, "Af! Wannan ai wasan manyan Alhazai ne da tsofaffin janar-janar." Da gaskiyarki, amma tsaya ki ji.

Asalin wasan daga ƙasar Sikotlan ne, kuma ya tsufa ƙwarai, domin tun a shekarar 1457 sarkin ƙasar ya taɓa hana shi saboda samari sun bar koyon harbin baka sun koma bin ƙwallo. Mata ma ba baƙi ba ne a ciki. An ce Sarauniya Mary ta Sikotlan ta sha tsegumi a 1567, wai an gan ta tana golf kwanaki kaɗan bayan kashe mijinta. Kin ga ashe bakin mutane bai fara a kanmu ba! Duk da haka maza sun daɗe suna kankane manyan kulob-kulob: na Augusta a Amurka sai a 2012 ya karɓi mata, tsohon kulob ɗin St Andrews kuwa sai a 2014. A nan gida Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi. Akwai filin Rayfield a Jos wanda ake lissafawa cikin mafiya daɗewa, akwai na Kano da na Kaduna, akwai na Ikoyi a Legas, sannan ga katafaren filin IBB a Abuja mai ramuka 18.

Yadda ake yi ba wuya a fahimta. Fili ne makeke mai ramuka 18, kowane rami faɗin bakinsa bai wuce santimita 11 ba. Za ki buga 'yar ƙwallo da sanda daga mafari, ki bi ta a ƙafa, ki sake bugawa, har ta faɗa rami. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. Ba a yarda mutum ya ɗauki sanda fiye da 14 a jakarsa ba, ke kuwa mai koyo biyar ko shida sun ishe ki. Ana fita ne mutum biyu zuwa huɗu, a yi kamar awa huɗu ana tafe, a taka kilomita shida ko fiye. Babu gudu, babu ture-ture, babu mai taɓa jikin wani. Sannan akwai wani tsari na rangwame da ake yi wa wanda bai ƙware ba, a rage masa wasu bugun daga lissafinsa, ta yadda sabuwar shiga za ta iya karawa da wanda ya shekara goma yana yi, har ma ta cinye shi.

To ina ruwan wannan da marasa aure? Nan ne gizo ke saƙar. Ki tuna yadda zance yake a wurinmu: saurayi ya sha wanka da turare, ya aro motar abokinsa, ya zo zaure ya yi minti arba'in yana zuba miki kalamai masu zaƙi. Wane ne ba zai iya ɓoye halinsa na minti arba'in ba? Amma awa huɗu a cikin rana, ƙwallo ta faɗa ramin yashi sau uku, ta shige daji, ta nutse a ruwa, wallahi hali sai ya fito, domin hali zanen dutse ne. A wasan yau da kullum babu alƙali mai bin mutane da usur. Kowa shi ke ƙirga bugunsa ya faɗa. Wanda ya buga bakwai ya ce biyar ya yi, ko ya tura ƙwallo da ƙafa yana zaton ba a gan shi ba, kin riga kin san abin da zai yi da kuɗin cefane. Ki kuma lura da yadda yake magana da yaron da ke ɗaukar masa jaka. In ya kuskure bugu ya juya yana zagin yaron, to ki rubuta ki ajiye, watarana ke ce za ki tsaya a inda yaron nan ya tsaya. Wani kuma za ki ga ya yi shiru lokacin da kike shirin bugu kamar yadda ladabin wasan ya tanada, ya gyara ciyawar da ya tuge, ya share sawunsa a yashi saboda na baya. Wannan ba a zaure za ki gano shi ba.

Sai dai kada in yi miki daɗin baki. Wadda ta shiga golf don farautar miji kawai, ina ganin za ta sha rana a banza, kuma ba a jimawa ake gane ta. Galibin waɗanda ke cika waɗannan kulob a ƙasarmu magidanta ne masu iyali, wasu sun haife ki, kuma ba kowane mai cewa "Zo in koya miki riƙon sanda" ne yake nufin sandar ba. Malami na gaskiya kulob ke da shi, a fili yake koyarwa, biyansa ake yi. Bugu da ƙari, yawancin kulob suna da mashaya, don haka in an gama wasa ki san inda za ki zauna da lokacin da za ki tashi. Ki tafi da sanin iyayenki, tare da yayanki ko ƙawaye biyu, ki nemi ɓangaren mata na kulob ɗin. A Najeriya har ƙungiyar mata 'yan golf ta ƙasa akwai. Sau da yawa ribar da ta fi ma a wurin matan take: likitoci, lauyoyi, 'yan kasuwa, waɗanda za su san ki su san halinki, su yi miki hanyar aiki, wata ma tana da ƙane ko ɗa.

Batun sutura kuwa, wasan bai ce sai an tsuke ba. Dogon wando mai walwala, riga mai dogon hannu, ƙaramin hijabi a ɗora hular rana a kai, da takalmi mara tsini. Kowane kulob yana da dokar shigarsa, sai a tambaya tun kafin a je. A fita da sassafe bayan asuba, kafin azahar an dawo gida.

Kuɗi fa? Gaskiya rajistar zama mamba tana da tsada, sababbin sanduna ma haka. Amma ba da nan ake farawa ba. Ana iya biyan kuɗin koyo na 'yan kwanaki a filin gwaji, a ari sanda ko a sayi gwanjo, a gani ko zuciya ta kwanta da abin kafin a taɓa adashi.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, zancen miji ba naku ba ne yanzu, ku bar wa yayyenku. Naku shi ne wasan kansa. Tun 2016 golf ya koma cikin gasar Olamfik, maza da mata, kuma jami'o'in Amurka suna ba 'yan mata da suka iya shi tallafin karatu. Ga Georgia Oboh nan, 'yar Najeriya, tun tana ƙarama ta fara, ta kai ga bugawa da ƙwararrun mata a Turai da Amurka. In akwai kulob a garinku, ku roƙi Baba ko Yaya ya je ya tambaya ko suna koya wa yara lokacin hutu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.