Ko Kun Sani? Zafin da Ke Narka Ƙwayar Zarra

A cibiyar bincike ta Brookhaven da ke jihar New York a Amurka, na'urar RHIC ta fara gwara ƙwayoyin zarrar zinare a shekarar 2000, da gudu dab da na haske. A 2010 aka bayyana zafin karon: digiri tiriliyan 4, ninki 250,000 na zafin da ke can cikin rana ita kanta! A wannan zafi furoton da nutron na cikin ƙwayar zarra kan narke, su koma ruwan kwak da gulon, wato ƙananan ɓangarorin da suka haɗa su.

To, yaya ake gano iyakar wannan sauyi? Da ƙidaya. Masanan rukunin bincike na STAR a RHIC kan ƙirga furoton da kowane karo ya fitar, a karo miliyoyi. In adadin ya riƙa hawa da sauka fiye da ƙima, alama ce an kusanci iyakar, kamar ruwan tukunya yana shirin tafasa.