Amfanin Zaure Biyu a Majalisar Tarayya

Tun samun 'yanci a 1960 majalisar Najeriya ke da zaure biyu, in ban da lokutan mulkin soja. Kujeru 360 na Majalisar Wakilai an raba su ne bisa yawan jama'a, shi ya sa Kano ke da 24, Bayelsa 5. A Majalisar Dattawa kuwa kowace jiha sanata uku gare ta, Abuja ɗaya. Ƙudiri ba ya isa teburin shugaban ƙasa sai zaurukan biyu sun amince. Masu suka na cewa tsarin na cin kuɗi da jan ƙafa. Haka ne, amma yana hana manyan jihohi danne ƙanana, kuma dattawan ne suka yi fatali da yunƙurin tazarcen Shugaba Obasanjo a 2006. Alawus ɗin 'yan majalisa ya kamata a rage, a bar zaurukan yadda suke.