Gyaran Gida Da Lambun Bayan Ɗaki: Magana Ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

Ya kai mai gida, ka sani kuɗi ba ta ƙofar zaure kaɗai su ke fita ba. Suna fita ta rufin ɗakin da ke yoyo, suna fita ta gindin bangon da ruwa ya ci, suna kuwa fita kowace safiya a hannun yarinyar da aka aika cefane. Tun ran 29 ga Mayu 2023 mu ke magana, sa'ad da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya. Kuɗin mota ya tashi, duk abin da mota ke kawowa ya bi shi, da siminti, da kwano, da ƙusa, da takin zamani. Ba ka da iko bisa kasuwa. Amma kana da iko bisa abin da ke cikin katangarka, muddin ka yi kowane aiki a lokacinsa.

Da fari ka san abin da gidanka ke ci. Mutane da yawa sun san yawan damman da suka ɗaure, amma ba su san kwana nawa za su kai su ba. Ka sa uwargida ta riƙe lissafin abin da a ke aunawa har kwana bakwai. A ce gidanka na cin tiya 2 kullum. Buhu mai tiya 40 zai yi maka kwana 20, shekara kuwa sai buhu 18 da 'yan kai. Wannan ka ware shi, ka ɗauka ba naka ba ne, na bakin yara ne. Wanda ya kwashi gero ya kai kasuwa da kaka domin biki, shi za ka gani cikin marka yana sayen geron nan da tsada, watakila ma da kuɗin bashi. Wake kuwa, ka shanya shi ya bushe sarai, ka ɗure a jarka mai murfi ko a buhun nan mai ruɓi uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago aka shiga bazawa tun 2007. Kadan iska ba ta shiga, ƙwari na mutuwa da kansu, ba sai ka sayi guba ka zuba cikin abin da za ka ci ba.

To, sai gyaran gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin wannan aiki shi ne bayan an gama kai amfani gida, daga Disamba zuwa Maris, tun kududdufi bai ƙafe ba, gama kwaɓin ƙasa yana son ruwa da yawa. Mutumin Zariya ya fi na Katsina ko Damagaram bukatar gaggawa, domin ruwa na riga sauka a kudu. Ka haƙo jar ƙasa, ka gama ta da yankakkiyar ciyawa da kashin doki ko na jaki, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, a sake tattakewa. Ƙasar da aka kwaɓa yau aka yaɓa yau ba ta daɗewa.

Ka fara daga sama. Hau soro, ka tuge ciyawar da ta tsiro bara, gama saiwarta ita ce hanyar ruwa. Ka duba inda ya lotsa, ka cike, ka daɓe, har ya zama duk rufin ya karkata wajen indararo. Amma a nan akwai kuskuren da ke kashe mutane. Waɗansu kowace shekara sai su ɗora sabuwar ƙasa bisa tsohuwa, ba su kankare kome ba. Shekara goma aka yi haka, nauyin da ke kan azara ya ninka, ran da ruwan Agusta ya jiƙa ƙasar nan sai rufin ya rufto da dare bisa masu barci. Saboda haka ka kankare kafin ka ƙara. Ka shiga ɗaki kuma, ka ɗauki wuƙa ka tsokani bakin kowace azara inda ta shiga bango. Giginya ba ta jin gara sosai, shi ya sa magina ke sonta, amma danshi na ruɓar da ita. Wadda ta yi laushi ka sa mata tokari yau, ka sake ta kafin damina.

Magina na da suna shafe soro da laso, watau katsin da a ke kwasowa daga karofi a ƙone, a gama da gashin akuya daga majema da ruwan dafara. Yanzu karofi sun yi kaɗan, katsi ya yi wuyar samu. Makuba dai tana nan duk inda ɗorawa ta ke: ka tara ɓawonta, kada a zubar bayan an ci gari an cire kalwa, ka jiƙa shi har ruwan ya yi ja, ka yi kwaɓin shafe da shi. Masu shimfiɗa leda a tsakanin ƙasar rufi su ma sun yi dabara, in dai an rufe ta ƙwarai rana ba ta taɓa ta.

Mai rufin kwano ya bi ƙusoshi ɗaya ɗaya. Ƙusa bisa tudun kwano a ke kafa ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Ƙaramar huda tsumma da kwalta sun ishe ta. Ka ɗaure katakon rufi da waya ya kama bango, domin iskar farkon damina ta fi ruwa ɓarna, kwano guda kuwa da ya tashi yana iya sare mutum. Mai jinka ya tanadi shuci tun da kaka, ya yi baibaya da wuri, kada kuma ya bar kabewa ta hau, ko da ya ke tana da kyaun gani, gama tana riƙe laima ciyawa ta ruɓe.

Sa'an nan ka sauko gindin bango, nan ne gida ke faɗuwa. Indararon da ya gajarce yana zubo ruwa daidai tushen gini. Ka ƙara masa tsawo, ka jera duwatsu inda ruwan ke sauka. Inda bango ya zaizaye ka kankare mai gishirin nan, ka yayyafa ruwa, ka cike da kwaɓi kaɗan kaɗan, kana bari yana shan iska. Ka yi masa ɗan dakali mai gangara waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Kada sha'awa ta ɗauke ka ka kashe ɗan abin hannunka wajen shafa siminti bisa ginin ƙasa. Siminti da ƙasa ba su kama juna da kyau. Ba da daɗewa ba sai ya ɗaga, ruwa ya shiga bayansa, gara ta sami mafaka, kai kuwa kana ganin bango sumul. In kana da kuɗin buhu guda, ka sa shi a bakin rijiya, ko murfin masai, ko rariya. Kara da itacen wuta kuwa a jingine su nesa da bango.

Ruwan nan da ka kore daga gindin bango, da na alwala, da na wanke shinkafa da gero, kada ya tafi banza. Gidaje da yawa suna da wata kusurwa inda ruwa ke kwanciya, sauro na haihuwa, cikin kwana goma ƙwai ya zama mai cizo. Wurin nan shi ya kamata ya zama lambu. Taki huɗu tsawo, taki uku faɗi, ya isa ya rage kuɗin miya. Ka bar kamu biyu ko uku tsakaninsa da bango, ka kewaye shi da kara ko ƙaya, gama akuya ɗaya na cinye aikin wata biyu kafin a sauke tukunya. Wanda ba shi da fili ya cika tsofaffin buhuna da ƙasa da taki, ya huda gindinsu, ya jera inda rana ke samu.

Taki ba na saye ba ne. Ka haƙa rami, a riƙa zuba kashin awaki, da toka, da sharar tsakar gida, a tsince leda da tsohon batir, a yayyafa ruwa, a juya lokaci lokaci. In ya yi baƙi, ya daina zafi da wari, ya nuna. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka.

Abin da za ka fara dasawa zogale ne. Reshe mai tsawon kamu biyu, ka kafa shi, ya kama. Ya kai ƙirji ka datse kansa, domin ya yi rassa ƙasa ƙasa inda mata da yara za su kai. Alayyafo cikin wata guda an fara yanka, in ba a tuge shi ba kuwa sai ya sake toho. Kuɓewa wajen wata biyu ta ke fara 'ya'ya, a riƙa cirewa kowane kwana biyu, gama in aka bar ta ta ƙosa uwar sai ta daina haihuwa. Ka sa rama da yakuwa a gefe, da barkono gindi biyar ko shida. Tumatir kowa na sonsa, amma shi ne mai laulayi. A 2016 wata 'yar tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har kwando ya gagari talaka. Gidan da ke da kuka da busasshiyar kuɓewa da zogale bai rasa miya ba a shekarar nan. Saboda haka in damina ta yi albarka a yi shanya, ganye kuwa a inuwa a ke shanya shi, ba cikin rana ba, domin kada ya koɗe amfaninsa ya ragu.

Kadan ƙwari sun kama, ka daka 'ya'yan dalbejiya cikin hannu biyu, ka jiƙa a bokitin ruwa su kwana, ka tace, ka yayyafa da yamma. Ban ruwa da sassafe ko da la'asar, a gindi a ke zubawa. Ruwan wanki mai yawan omo kada ya je lambu, na masai kuwa ko kusa. Lambun nan ka bar shi a hannun matan gida, abin da aka sayar na rara ya zama nasu, su zuba adashi. Mun ga inda mai gida ya ce nasa ne, ba a yi wata biyu ba ya bushe.

Ku kuma dagatai da masu unguwa, akwai abin da mutum ɗaya ba ya iyawa. Banza ne mutum ya gyara rariyarsa in kwatar unguwa ta cushe da leda. A daminar 2012 da ta 2022 gidajen ƙasa masu yawa sun zube, musamman a Jigawa. Gaskiya ne, kogi in ya yi ambaliya ba yaɓen da zai tare shi, amma sau da yawa ruwan saman da ya rasa hanya ne ke kwanciya a lungu har ya jiƙa tushen gini. Ku kira gayya cikin Afrilu a yashe magudana tun daga gangare zuwa tudu. Ku nuna wurin da za a haƙi ƙasar gini, nesa da katangu da hanyar yara. Ku hana haƙa masai kusa da rijiya, a bar tsakani kamar taki talatin. Ku kuma ƙidaya gidajen gwauraye da tsofaffi waɗanda ba su da mai hawa musu soro, a raba wa samarin unguwa, kowane gida mutum uku da yini ɗaya, masu gida su ba da fura.