Zoben Rage Ƙiba: Yana Tare Tuwo, Ba Ya Tare Fura

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Dole ta birnin Damagaram, musamman ranar Alhamis da ake cika, ya san cewa gaisuwar mata ba ta ƙarewa sai an auna jiki da ido. Idan mace ta kwana biyu ba ta fito ba, ta dawo da kumatu, sai ka ji ana cewa, "Hajiya, kin yi kyau, maigida na ƙoƙari." Idan kuwa zane ya fara yi mata yawa, tambayar ita ce, "Yaya, lafiya kuwa? Ko ciwo kika yi?" A wurinmu ƙiba shaidar hutu ce da rufin asiri, rama kuwa sai an yi mata bayani.

To sai dai kuma yanzu magana ta fara sauyawa. Matan da a da ake yaba jikinsu su ne ke kukan gwiwa da baya, su ne ke bin layin awon hawan jini da ciwon suga. A wayoyin salula kuma ga tallace-tallacen asibitocin Tunisiya da Turkiyya, ana nuna hoton mace kafin tiyata da bayan tiyata. Damagaram garin fatauci ce tun zamanin Sarki Tanimu a ƙarni na 19, lokacin da ayari ke zirga-zirga tsakanin Kano da Tarabulus, saboda haka nisa bai taɓa ba ƴan kasuwarmu tsoro ba. Amma kafin mace ta kwashe kuɗin adashi ko ta taɓa jari don a saka mata abin da ake kira zoben tumbi, ya kamata ta san irin cin da za ta koma yi har ƙarshen rayuwarta.

Mene ne wannan zobe?

Wata roba ce mai laushi da likita ke zagaye saman tumbi da ita, ta ƴan ƙananan ƙofofi da ake hudawa a ciki. Idan an ɗaure, sai tumbin ya rabu biyu: ƴar jaka a sama wadda ba ta wuce cin cokali biyu na abinci ba, sai sauran tumbin a ƙasa, da ƴar siririyar hanya a tsakani. Ba a yanke komai. A cikin zoben akwai ƴar balan-balan da aka haɗa da wani siririn tiyo zuwa wani maɓalli da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ciki. Ta nan likita ke tsira allura ya ƙara ruwan gishiri idan ana son hanyar ta matse, ko ya zuƙe idan ta matse da yawa.

Wani likita ɗan asalin ƙasar Habasha, Mitiku Belachew, yana cikin waɗanda suka fara saka irin wannan zobe ta hanyar huda ciki, a garin Huy na ƙasar Beljiyam a shekarar 1993. Amurka ta amince da shi a 2001, kuma cikin ƴan shekaru ya yi farin jini ƙwarai. A 2011 kusan kashi 35 cikin 100 na tiyatar rage ƙiba da ake yi a Amurka ta zobe ce. Zuwa 2019 abin ya faɗi ya koma kusan kashi 1. Ba haka kawai aka guje shi ba. A 2011 wani likita a Beljiyam, Jacques Himpens, ya bi sawun mutanen da suka yi shekara 12 ko fiye da zoben, ya tarar kusan rabinsu an riga an cire musu. Yau likitoci sun fi karkata ga tiyatar da ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, ko wadda ake sauya wa abinci hanya, ko kuma sababbin allurai masu rage jin yunwa irin su Wegovy da aka amince da ita a Amurka a 2021, waɗanda ke da tsada, kuma ƙibar kan dawo idan aka daina.

Ba kowace mai jiki ake yi wa ba

Likitoci na da lissafinsu, kuma ƴar kasuwa ba ta tsoron lissafi. Ana ɗaukar nauyi da kilo, a raba shi da tsayi sau tsayi da mita. Misali, mace mai tsayin mita 1.60 da nauyin kilo 105: a ninka 1.60 sau 1.60, ya ba da 2.56, a raba 105 da shi, a samu 41. Daga 25 an fara wuce ƙa'ida, daga 30 an shiga ƙibar da ake kira cuta. Tun 1991 ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce sai lissafi ya kai 40, ko 35 idan akwai ciwon suga ko hawan jini, kafin a yi maganar wuƙa. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto da shi zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga.

Sa'annan kada a yi zaton mace za ta koma kamar budurwa. Abin da aka fi gani shi ne a zubar da kusan rabin nauyin da ya hau bisa ƙa'ida. Waccan mai kilo 105, wadda ƙa'idarta ke wajen 64, tana iya tsayawa a 85 bayan shekara biyu, in ta kiyaye doka.

Yadda cin abinci ke komawa

A makonnin farko ruwa-ruwa kawai ake sha. Daga nan a koma abin da aka dama ko aka markaɗa, sai bayan wata ɗaya zuwa mako shida a fara taɓa abinci mai ƙarfi. Daga ranar kuwa doka ba ta sauyawa: ƴar ƙaramar loma, a tauna ta har ta zama kamar kunu, a huta kafin ta gaba, a yi minti 20 zuwa 30 a kan ɗan abin da bai cika ƙaramin faranti ba. Ba a kora abinci da ruwa, sai a sha kafin a ci ko bayan an jima.

A nan ne abincinmu ke zama jarrabawa. Mun saba lomar tuwo a dangwala miyar kuka ko kuɓewa a haɗiye ba tare da tauna ba, santsin miya ya yi sauran aiki. Mai zobe ba ta da wannan dama. Kilishi, tsire, balangu, burodi mai laushi, shinkafa, taliya da rogo suna cikin abubuwan da suka fi tsayawa a bakin hanyar. Idan loma ta tsaya, ƙirji ya ɗaure, yawu ya riƙa taruwa, ba a samun sauƙi sai ta wuce ko an dawo da ita.

Wanda ya sha irin wannan sau biyu sau uku, tsoron abinci kan shige shi. Sai mace ta fara kallon akushi kamar abokin gaba. A gidan biki ko suna, inda ake zagaye tire ɗaya hannu na bin hannu, ita tana juya loma ɗaya, idonta na neman hanyar bayan gida. Uwar biki ta ce, "Haba Hajiya, ko abincin namu ne bai yi miki ba?" A al'adarmu ƙin cin abincin mutum ba ƙaramin abu ba ne, wasu ma sai su ce zargi ne. Ga masu tsegumi kuma, da sun ga tana ramewa sai su fara lissafa cututtuka, ko su ce zaman gidan ne ya yi tsami. Saboda haka wasu kan ɓoye cewa an yi musu aiki, su daina zuwa taro, su riƙa ci a ɗaki su kaɗai.

Wani hanzari ba gudu ba, zoben ba ya tare abin da ke kwarara. Fura da nono da aka zuba wa suga, kunu, lemun kwalba, zoɓo mai zaƙi, shayi mai madara, duk suna wucewa salin alin. Matar da ke tsoron nama da tuwo sai ta koma kansu don ta huta da wahala, tana ganin ai ba ta cin komai. A ƙarshe jini ya ragu, gashi ya zube saboda rashin abinci mai gina jiki, nauyin kuma ya dawo. An kashe kuɗi, an sha wuƙa, tsugune ba ta ƙare ba.

Watan azumi ma sai da shiri. Mai zobe ba za ta yi buɗa baki irin na kowa ba, a haɗa ƙosai da kunu da ruwan sanyi lokaci guda. Sai kurɓi-kurɓi, loma-loma, kuma wajibi ne ta nemi shawarar likitanta kafin ta ɗauka. Mai son haihuwa kuwa ana ba ta shawara ta jira shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan aikin.

Bugu da ƙari, zobe ba kaya ba ne da za a saya a ɗauko a wuce gida. Yana bukatar a riƙa komawa ana gyara matsinsa, musamman a shekarar farko. Yana iya zamewa, yana iya cin bangon tumbi ya shige ciki, maɓallin na iya ruɓa wuri ko ya juye. Duk ranar da ko ruwa ya ƙi wucewa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki ya yi tsanani, magana ce ta asibiti a take, ba ta jiƙo ba. Daga Damagaram zuwa Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ne, balle Tunis ko Istanbul. Tambayar da za a yi kafin a biya ko dala ita ce: wa zai duba ni idan na dawo gida?

Tsoro biyu a kasuwa ɗaya

Abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da wasu ke neman hanyar ragewa, wasu ƙari suke nema ido rufe. Ba mu kaɗai ba ne. A yammacin ƙasar nan Zabarmawa na da al'adar hangandi, inda mata ke ɗura wa kansu abinci don su yi jiki. A wurinmu ƴan mata masu shirin aure da matan da ke gudun gori su ne kasuwar masu tallar magani a tire. Ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe galibi dexamethasone ce, maganin da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman. Ba lafiyayyen jiki take kawowa ba: fuska ta kumbura, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, ƙafafu su sirance, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, domin hakan na da haɗari, sai ta je asibiti a rage mata sannu a hankali. Akwai kuma ruwan maganin buɗe ciki mai cyproheptadine, wanda ke kawo barci da kasala, kuma yana iya taɓa hanta.

Ba za a zargi kowa da wauta ba. Wanda ya ga yunwar 2005, lokacin da fari da fara suka jefa jihohin Damagaram da Maraɗi cikin wani hali, ya san dalilin da ya sa rama ke ba mu tsoro. Har yau jihar Damagaram na cikin inda tamowa ta fi damun yara a Nijar. Amma a gida ɗaya sai ka tarar da yaro mai tamowa da uwa mai hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da ƙibar da ta zama cuta, kuma ƙasashe matalauta ba su tsira ba.

Abin da ba ya bukatar biza

Idan aka lura, dokokin da ake ɗora wa mai zobe ba wanda ya hana mu bin su kyauta. Zaman rumfa shi ne babban abin dubawa: daga hantsi zuwa magariba mace na zaune, mai fanke ta wuce a saya, mai awara ta wuce a saya, baƙuwa ta zo a aika a kawo lemu. Kwalba ɗaya ta santilita 33 ta lemu mai zaƙi na ɗauke da suga wajen giram 35, kusan ƙwaya 7 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2015 ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ma ya tsaya a 25 ya fi. Gishiri kuma kada ya kai giram 5, har da wanda ke cikin dunƙulen magi.

Saboda haka, ƴar uwa, ki zuba naki a kwanonki ki san iyakarsa. Ki tauna, ki daina ci a tsaye kina ciniki. Ki rage suga a fura da shayi kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Gero, wake, zogale, yakuwa da kayan lambun Miriya ba abincin talauci ba ne, su likitoci ke roƙon masu kuɗi su koma wa. Inda ƙafa za ta kai ki, ki bar kabu-kabu ya wuce. Ki riƙa awon jini da suga ko ba ki jin komai, domin waɗannan cututtuka ba sa sallama. Malamai ma sun sha tunatar da mu koyarwar raba ciki uku, kada abinci ya cinye wurin ruwa da na numfashi.

Wannan ba ya nufin tiyata ba ta da amfani. Akwai waɗanda ƙiba ta kai su inda rage ci kaɗai ba zai fitar da su ba, kuma aikin likita ya ceci rayuwarsu. Irin waɗannan ba abin gori ba ne, abin taimako ne: idan ta ce ta ƙoshi da loma uku, a ƙyale ta. Abin da muke cewa shi ne a fara da likitan gida, a ji dukan hanyoyin da ake da su, a yi lissafin kuɗin komawa kafin na tafiya. Mu kuma sauran jama'a mu rage auna mutuncin mace da faɗin jikinta, domin gorinmu ne ke tura wata wurin mai tire, ya tura wata filin jirgi.

Lafiya uwar jiki, kuma ita ce jarin da ba a ranto shi. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.