Daidaita sautin fiyano mai rakiya

Fiyano mai rakiya kayan kiɗa ne na lantarki wanda ke buga ganga, bes da sauran kayan rakiya da kansa, yana bin haɗin sautukan da makaɗi ya danna da hannun hagu. Daga cikin sanannu akwai jerin PSR, Tyros (2002) da Genos (2017) na kamfanin Yamaha, da jerin Pa na Korg. Mawaƙan zamani na ƙasar Hausa sun daɗe suna amfani da PSR, kuma daga irin wannan na'ura aka samo sunan "waƙar fiyano".

Daidaitawa ita ce shirya sautukan na'urar kafin wasa, domin abin da ya yi daɗi a ɗaki kan rikiɗe idan ya fita ta manyan lasifikoki.

Ƙarfin sauti da amsa-amo

Sautukan da kamfani ya saka ba su da ƙarfi ɗaya. Idan makaɗi ya sauya daga sarewa zuwa ƙaho, ɗayan yana iya danne muryar mawaƙi. Saboda haka ake bin kowane sashe, a ma'aunin MIDI na 0 zuwa 127, har a jera su daidai, a kuma bar sarari don ƙarawa. Amsa-amon da ke ƙawata sauti a kunne kuwa, babban zaure yana da nasa. Idan biyun suka haɗu sai kiɗan ya cakuɗe. Rage shi ya fi, haka ma bes idan yana ruri.

Fitarwa

Wurare da yawa suna haɗa fiyano da waya ɗaya tal. Wasu sautukan da aka naɗa ta ɓangare biyu, musamman na fiyanon katako, sukan siranta idan aka haɗe hagu da dama, don haka ake gwada su tun a gida ta kafar fitarwa guda.

Ajiya

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Yamaha na da maɓallan Registration Memory, Korg na da SongBook, inda ake ajiye salon kiɗa, saurinsa, sautuka da wurin da aka raba allon maɓallai. Amma kiran wata ajiya yana iya mayar da tsayin muryar da aka sauya wa mawaƙi yadda yake a da, a tsakiyar waƙa. Maɓallin Freeze na Yamaha yana hana hakan. Makaɗa kan kwafi duk shirin a filash, saboda ɗaukewar wuta tana shafe gyaran da ba a ajiye ba.