Tsiron Wake: Kayan Miya Ba Tare da Gona Ba



Mun san yawancinku kun baro gonaki da lambuna a gida, yanzu kuma kuna cikin ɗaki ɗaya ko biyu a Lome, ba filin shuka, kuɗin cefane kuma ba ya kaiwa ga ganye kullum. Shinkafa, masara, mai da busasshen wake suna cika ciki, amma kusan ba su da bitamin C. Idan mutum ya yi wata biyu zuwa uku bai samu wannan sinadari ba, sai kasala ta kama shi, dasashi ya kumbura yana zubar da jini, rauni kuma ya daɗe bai warke ba. An ga wannan ciwo a sansanonin 'yan gudun hijira a Somaliya, Sudan da Habasha a shekarun 1980. Hanya ɗaya ta rage haɗarin ita ce a tsirar da wake a cikin ɗaki, domin ƙwaya tana fara samar da bitamin C da zarar ta tsiro.

Wannan ba baƙon aiki ba ne ga matan da suka saba tsirar da hatsi don kunun zaƙi. Bambancin shi ne a nan tsiron kansa ake dafawa a ci.

Wane wake za a nema?

Wanda ya fi sauƙin tsiro shi ne ƙaramin koren wake mai suna mungo, wanda mutanen Indiya da Sin suka daɗe suna ci. Ɗan'uwan wakenmu na gida ne. Idan ba ku same shi a kasuwa ba, wakenmu ma yana yi. Ku nemi ƙwaya cikakkiya mai ɓawonta, domin ɓararre ko surfaffen wake ba ya tsiro. Kafin ku sayi mai yawa, ku gwada ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen ƙyalle. Idan 8 sun tsiro cikin kwana biyu, waken yana da kyau.

Kada ku yi amfani da irin shuka. Sau da yawa ana cuɗa shi da maganin ƙwari, za ku gan shi da launin ja ko shuɗi. Haka ma duk waken da ke warin magani. Kada kuma a ci tsiron dawa a matsayin ganye, domin yana ɗauke da guba irin wadda ke kashe dabba idan ta ci ƙaramar dawa a gona.

Yadda ake yi

1. Ku auni rabin gwangwanin madara na wake, ku tsince tsakuwa da wanda ƙwari suka huda, ku wanke.
2. Ku jiƙa shi da daddare a ruwa mai tsabta, awa 8 zuwa 12.
3. Da safe ku tsiyaye ruwan duka, ku zuba waken a kwando ko robar da aka huhhuda gindinta, ku rufe da tsabtataccen ƙyalle mai ɗan danshi.
4. Ku ajiye a lungu mai duhu inda iska ke shiga, nesa da ɓera da kaji. Haske yana sa tsiron ya yi ɗaci.
5. Ku ɗauraye shi sau uku a rana. Mai sauƙin tunawa: bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha'i. Kowane lokaci ku bar ruwan ya tsiyaye sarai, domin waken da ya kwana cikin ruwa ruɓewa yake.

A zafin Lome, cikin kwana biyu zuwa uku za ku ga farin tsiro mai tsawon gaɓar yatsa ko fiye. Nan ne lokacin ci. Wake yana kumbura ninki da yawa, saboda haka ku zaɓi mazubi mai faɗi. Lokacin hunturu, a Disamba da Janairu, iska tana busar da ƙyallen da wuri, sai a riƙa jiƙa shi.

Tsabta ita ce babbar magana

Ɗumi da danshin da wake ke so, su ne kuma ƙwayoyin cuta ke so. A 2011 a ƙasar Jamus, ɗanyen tsiron hulba ya kwantar da dubban mutane, kimanin 50 suka rasu. Don haka muke roƙon ku da abubuwa uku. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa waken. Ku yi amfani da ruwan da kuke sha kaɗai, tafasasshe ko wanda aka sa wa maganin tsarkake ruwa. Sannan kada kowa ya ci tsiron ɗanye, musamman yara ƙanana, masu juna biyu, tsofaffi da marasa lafiya. Wankewa ba ta kashe ƙwayoyin cutar, wuta ce ke kashe su. Idan kun ga yauƙi, ko furfurar ruɓa, ko kun ji wari, ku zubar da shi duka, ku wanke mazubin da ruwan zafi.

Dafawa

Ku zuba tsiron a miya tana tafasa, minti 5 kafin a sauke. Na wakenmu na gida ku ba shi minti 10. Yana shiga miyar kuɓewa, dafa-duka da taliya, ana kuma soya shi da albasa da tattasai a ci da shinkafa ko tuwon masara. Dogon dahuwa yana lalata bitamin C, kuma ba a buƙatarsa: busasshen wake na iya cin awa guda a wuta, tsiro kuwa 'yan mintoci ne, ga ragowar gawayi. Wanda ba shi da firji ya dafa duk abin da ya tsirar a ranar. Da mazubi biyu, ana jiƙa sabo kowane kwana biyu, gida ba zai yanke ba.

Tsiron wake ƙari ne a kan lemo, tumatir, zogale da kuka, ku ci gaba da nemansu in da hali. Wanda ya ga dasashin yaronsa na jini, ko gudawa ta kama wani a gida bayan cin abinci, ya je asibiti mafi kusa a ranar.